Ba Kowane Mai Tsinin Kunne Ne Aljani Ba: Sharhi Kan Sunayen Edhil a Harshen Sindarin

Bakans ɗin da ya wuce, a fadarmu ta Dakoro, bayan sallar isha'i wani abokinmu ya kawo ordinatarsa ya ɗora bisa benci, muka zagaye ta muna jiran shayi na biyu. Fim ɗin Le Seigneur des anneaux ya sa muna, da Faransanci. Cikinmu akwai waɗanda ba su yi lakkwal ba, don haka wani da Allah ya ba baki ya ɗauki aikin tafinta. Da mutanen nan masu dogon gashi da tsinin kunne suka fito daga daji riƙe da baka, sai ya ce: "To, ga aljanu nan sun iso." Da gajerun nan masu gemu da gatari suka bayyana, ya ce: "Waɗanga ƙananan aljanu ne." Da munanan suka ɓullo daga rami, ya ce: "Baƙaƙen aljanu, kowa shi yi ta kansa!" Aka yi ta dariya. Can sai ƙanena ya taɓa ni ya ce: "Yaya, wai cikin fim ɗin ga duk babu mutane?"

Tambayar yaron nan ta biyo ni har Yamai. Mai littafin da aka yi fim ɗin da shi ya ɓata fiye da shekara hamsin yana rarrabe sunayen waɗannan halittu, mu kuwa cikin dare ɗaya muka zuba su tukunya guda muka rufe. Ina so in duba sunayen, in faɗi abin da ya burge ni da abin da ya tsaya mini a wuya, sannan in dawo gida, don a gida maganar ta fi zafi.

J. R. R. Tolkien an haife shi a Afirka ta Kudu a 1892, ya rasu a Ingila a 1973. Malamin tsohon Ingilishi ne a jami'ar Oxford tun 1925, kafin nan kuma ya yi aiki cikin masu haɗa babban ƙamus na Ingilishi. Shi da kansa ya bayyana cewa harsunan ya fara ƙagowa, daga baya ya gina musu labari don su sami masu magana da su. Biyu ne manya. Akwai Quenya, wanda ya ɗauko ƙamshinsa daga harshen Finlan, akwai Sindarin, wanda ya gina bisa tsarin sautin harshen mutanen Wales. Tun 1917 yake rubuta ƙamus na kakan Sindarin ɗin, ya yi ta sauya masa suna da fasali har littafin ya fito a 1954 da 1955. Mafi yawan abin da za ku ji nan gaba yana cikin wata maƙala tasa mai suna Quendi and Eldar, wadda ya rubuta wajen 1959 zuwa 1960, ɗansa Christopher ya buga ta a 1994.

A Sindarin, sunan da aka fi kiran ɗaya daga cikin masu tsinin kunnen nan shi ne edhel, jam'i edhil. Wannan "dh" ana faɗinsa kamar zalun na Larabci, harshe tsakanin haƙora. Namiji ellon, mace elleth. Wanda rabinsa edhel ne rabinsa mutum, peredhel. A maƙalar nan Tolkien ya ce saiwa biyu ce ta sarƙe cikin sunayen: ɗaya tana nufin tauraro, ɗaya tana nufin tafiya. Labarin ya ce sun farka ne tun babu rana babu wata, abin da suka fara gani taurari. Daga baya aka kira su zuwa yamma, ƙasar haske, wasu suka tafi wasu suka ƙi. To sunan guda ya ɗauke duka biyun, mutanen taurari kuma matafiya. Sunan farko da suka sa wa kansu kuwa, Quendi a harshen Quenya, ma'anarsa masu magana. A Sindarin sautin "kw" ya koma "p", kalmar ta zama pen, ta sauka daga sunan al'umma ta koma "wani" kawai, kamar cikin rochben, mahayin doki.

Nan ne na cire wa mutumin hula. Bai zauna ya jera kalmomi masu daɗin ji ba. Ya ƙago tsohon harshe, ya sa masa dokokin sauyin sauti, ya bar kalmomin suka tsufa, wasu suka lalace, wasu ma'anarsu ta zame. Jam'insa ma sauyin wasali ne daga ciki: adan, mutum, ya koma edain, orch, munanan nan, ya koma yrch, amon, tudu, ya koma emyn. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba, mu da muke cewa gulbi da gulabe, birni da birane, doki da dawaki. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne sauyin baƙin farko. Perian, ɗaya daga cikin gajerun nan masu gashi a ƙafa, idan ya zama al'umma kuma ya biyo bayan kalmar nuni ta jam'i sai a ji pheriannath, ana faɗin "ph" kamar "f". Ranar da na karanta wannan a ɗakin karatu sai da na yi magana ni kaɗai: ai Pullo da Fulɓe ke nan! Abin da Turawa ke sayen littafi don su koya, kowace ranar kasuwa muna jin sa a bakin masu tallar nono.

Haka ɗafa-ƙeyar al'umma. Sindarin na da -rim: Falathrim mutanen gaɓar teku, Galadhrim mutanen itatuwa. Aikinta ɗaya da -awa tamu ta Gobirawa, Katsinawa, Adarawa, Damagarawa. Sai dai yana da wata daban, -hoth, wadda akan liƙa wa taron da ake ƙi. Glamhoth, taron hayaniya, shi ne laƙabin yrch. Ka ga tun daga wutsiyar kalma an yanke hukunci: waɗannan al'umma ce, waɗancan garke ne.

Daga nan sunayen suka fara cizo. Kalmar Sindarin ɗin kanta ba Sindarin ba ce. Quenya ce. Waɗanda suka tafi ƙasar haske suka dawo, su suka tarar da ƴan uwansu a gida suka sa musu Sindar, masu ruwan toka. Masu gida ba su kiran kansu haka. Edhil suke cewa, ko kuma Eglath, waɗanda aka yasar, don an tafi an bar su a bakin teku. Su ma suka rama: baƙin suka zama Golodh, jam'i Gelydh, sunan da akan yi amfani da shi in ana so a nuna musu cewa zamansu can bai ƙara musu komai ba, wani lokaci Lachend, mai idon wuta. A Quenya akwai rabo biyu, na haske da na duhu, kuma masu gida cikin na duhu aka sa su, tunda ba su ga hasken ba. A Sindarin ma akwai Calben na haske da Morben na duhu, amma nan masu gida sun ja layin ta yadda su suna ciki, waɗanda suka ƙi tafiya tun farko su ne a waje. Kowa ya riƙi alli, ya zana da'ira, ya tsaya tsakiya.

Tolkien ya san abin da yake yi. Sunan Wales ɗin da ya ɗauko sautin harshensu, daga tsohuwar kalmar Ingilishi ya fito mai nufin baƙo, alhali su suka riga Ingilishi zama a tsibirin. Su Cymry suke kiran kansu. Ya yi lacca kan wannan a 1955.

To mu fa? Mu zo Dakoro, inda manomi da makiyayi ke shan rijiya guda tun daga Kornaka har gulbin Tarka. Bafillace yana ce mana Haaɓe, tilo Kaaɗo, wanda asalinsa duk wanda ba Bafillace ba. Babarbare yana ce mana Afuno, Bayarabe Gambari. Mu kuma muna ce wa mutanen Bermo Bororo, su suna cewa Woɗaaɓe. Muna cewa Buzu ga duk mai rawani da takoba, alhali kalmar da farko bayin gidan ake nufi da ita, masu abin kuwa suna cewa Imajeghen ko Kel Tamajaq. Muna cewa Anna ko Azna ga ƴan uwanmu na jini da suka riƙe al'adar kaka, har kalmar ta zama zagi. Wanda bai iya Hausa sosai ba mu ce yana gwaranci, mun ɗauki sunan al'umma sukutum, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, mun mai da shi sunan karkataccen baki. Wannan ai shi ne Glamhoth. Mu ma an yi muna: ajami da muke taƙama da shi, daga kalmar da Larabawa ke kiran wanda ba Balarabe ba ya fito, wanda ba a gane maganarsa.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi da Tolkien. Ya nuna muna cewa suna makami ne, amma bai raba makaman daidai ba. Edhil na yamma suna da ƙamus, nahawu, waƙoƙi, har da karin harshe. Waɗanda suka ƙi tafiya, Avari, kalma shida kacal ya bar musu: kindi, cuind, hwenti, windan, kinn-lai, penni, dukkansu ma'anarsu mutane. Ba mu taɓa jin dalilin ƙinsu daga bakinsu ba. Gajerun masu gemu suna kiran kansu Khazâd, amma sunan da ya fi yawo a Sindarin shi ne Naugrim, tsumburarru, ko da yake akwai na girmamawa, Gonnhirrim, iyayengijin dutse. Mutanen kudu masu duhun fata, masu hawan giwaye, Haradrim, sunan ma daga waje aka ba su, ma'anarsa ƴan kudu kawai, kuma a sahun mugu suka fito yaƙi. Daga harshensu abin da kowa ya riƙe bai wuce sunan giwarsu ba, mûmak. Ni da nake kallon fim ɗin a Dakoro na san a wane gefen taswirar aka aje ni.

Masu kare shi za su ce ai labarin daga bakin Edhil da abokansu aka ba da shi, don haka son kansu ne muke ji. Za su ƙara da cewa mutumin ya fito fili ya nuna ƙyamar wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a jawabinsa na ban kwana da jami'a a 1959, kuma a 1938 ya ji haushin wani kamfanin buga littafi na Jamus da ya tambaye shi asalin jininsa. Duk gaskiya ne, ban kira shi mugu ba. Amma wanda ya sami lokacin bin tarihin wasali ɗaya cikin shekara dubu, da ya so da ya ba Haradrim ko jimla goma. Inda marubuci ya kashe tawadarsa, can zuciyarsa take.

Sai mu koma ga tafintanmu. Ya yi kuskure da ya ce aljanu? E, kuma a'a.

Kalmar aljani daga Larabci muka aro ta, har da "al" ɗinta manne, kamar alƙali da albasa. Saiwarta a Larabci tana nufin rufewa da ɓoyewa, ita ta haifi aljanna da majanuni. Ku lura, "n" ɗaya ce tsakanin aljana da aljanna, mai rubutu ya yi hattara. Ashe "mutanen ɓoye" da tsofaffinmu ke faɗi don gudun ambaton suna, kamar yadda ake ce wa maciji igiyar ƙasa, fassara ce daidai wa daida. Aljani a wurinmu daga wuta aka halicce shi, yana ganinmu ba mu ganinsa. Edhil kuwa ana ganinsu da rana tsaka, ana haifarsu, suna ci suna sha, takobi yana kashe su, tsufa da ciwo ne kawai ba su kashe su. Elrond, wanda peredhel ne, basarake ne mai gida da fada, ana zuwa neman shawara wurinsa. A garinmu in aka ce aljani ya auri wance, malamin ruƙiya ake nema. Da tafinta ya ce aljanu, sai ya shigo da tsoro da hukuncin addini cikin labarin da ba su a ciki, ƙanena kuma ya daina ganin su a matsayin masu ciwon zuciya irin nasa.

Amma kalmar Turancin da Tolkien ya yi amfani da ita, elf, wadda Faransawa suka mayar elfe, tsohuwar ma'anarta ta fi kusa da tafintanmu. A tsohon Ingilishi wannan halitta ɓoyayyiya ce mai harbin mutum ko dabba da ciwo, har akwai rubutattun magungunan harbinta. A Jamusanci mugun mafarki har yau da sunanta ake kiransa, kamar dannau a wurinmu. Mu ma ciwon da ke shanye ƙafar yaro shan inna muke ce masa. Wato elf na asali ɗan uwan iska ne. Tolkien ne ya ɗauki tsohuwar kalma ya cika ta da wani abu daban, kuma ya amsa cewa ba ta dace sosai ba. Da ya ga abin da masu fassarar Holan da Suwidin suka yi wa sunayensa, ya rubuta wa masu fassara jagora: sunan da yake na Ingilishi a fassara ma'anarsa, na Sindarin da Quenya a bar su yadda suke. Jamusawa ya ba su shawarar su koma ga tsohuwar siffar kalmar tasu, shi ya sa fassararsu ke cewa Elben.

Da Hausa fa, mi za mu ce? Iskoki ba su yi ba, don iska hawa take. Rauhanai sun ɗan matso, tunda ana ɗaukarsu na kirki, amma su ma ɓoyayyu ne. Shawarata ita ce mu bi ma'anar sunan mu ce Taurarawa, namiji Bataurare, mace Bataurariya. Dalilina na nahawu ne. Ɗafa-goshin ba- da ɗafa-ƙeyar -awa ba mu ba da su ga dodo ko fatalwa. Wanda ke da gari da harshe da kakanni muke ba. Da ka ce Taurarawa ka amsa tambayar ƙanena tun bai yi ta ba.

Akwai abin kunya a nan da ya kamata mu faɗa wa juna. A intanet akwai masu koyon Sindarin, suna gardama kan jam'in kalma ɗaya, har wani masani, David Salo, wanda ya yi aikin harsunan fim ɗin, ya buga nahawunsa a 2004. Mu kuwa muna zaune kan taskar sunaye da ba mutum ɗaya ya ƙago ta ba: Doguwa Fara da Doguwa Baƙa, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi, Malam Alhaji, Kuturu, Barhaza, Kure, da birninsu Jangare. Kowane da kirarinsa da gidansa da danginsa. A Maradi Iya ce ke shugabantar masu wannan sha'ani, a Tsibirin Gobir Inna. Su wa suka rubuta? Tremearne a 1914, Greenberg a 1946, Jacqueline Monfouga-Nicolas kan yankin Maradi a 1972. Da Turanci da Faransanci. Na san abin da wani zai ce: "Kai malam, wanga ai shirka ce." Rubuta suna da bin asalinsa ba bauta ba ne, malaman Larabci sun adana waƙoƙin jahiliyya don su fahimci harshen Alƙur'ani. Kuma duk wanda ya duba sunayen zai ga tarihinmu a ciki. An raba iskoki farfaru da babbaƙu, farfaru Musulmi ƴan birni, babbaƙu na daji. Calben da Morben ke nan, da hannunmu muka zana. Kafin in gama nuna Tolkien da yatsa, sauran yatsun suna kallona.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya sa na ga maganar ta cancanci kuɗin fotokopi. A labarin, sarkin masu gida, Thingol, da ya ji cewa baƙin sun kashe ƴan uwansa kafin su taso, sai ya hana a yi magana da Quenya a ƙasarsa. Sindarin ya ci kasuwa, Quenya ya koma harshen littafi. Yaran Wales a ƙarni na 19 ana rataya musu katako a wuya in sun yi harshensu a aji. Iyayenmu sun san wannan da sunan sambol, wasunmu ma sun tarar da shi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci na aiki, alhali dokar 2001 harsuna goma ta lissafa a matsayin na ƙasa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu allin yana hannunmu. Abokin ɗakina Bazabarme ne, kuma na ga fuskarsa ranar. In Hausa za ta shiga takardun gwamnati da littattafan lakkwal, wane suna za ta shiga da shi ga mutanen Bermo, Bororo ko Woɗaaɓe? Ɗan Ingal mai Tasawaq, kalma nawa za mu bar masa, shida? Mu ɗaliban harshe da masu rubutu, mu za a ba aikin ƙamus ɗin nan gobe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Na kira tafintanmu a waya na karanta masa wannan kafin in miƙa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Bataurare? Wallahi kamar sunan maganin tari. Kai dai bar muna aljanunmu." Wataƙila yana da gaskiya, kalmar ta yi wa harshe nauyi. Wanda ke da wadda ta fi ta ya rubuto a fitowa ta gaba. Kuma duk mai zuwa gida bakans, ya tafi da kaye, ya zauna wurin kakarsa ya tambaye ta sunayen mutanen ɓoye da ta sani, ya tambayi maƙwabcinsa makiyayi da wane suna yake so a kira shi, ya rubuto muna yadda suka faɗa.